Gigin tsufa ne, ko ledojin da na tsinta a aljihun Kawu?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuto, a yi mini uzuri. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyarmu, shekarunsa 68. Tsohon direba ne, ya fi shekara 30 yana ɗauko albasa daga Bawku zuwa Kumasi a nan Ghana, sai da ido ya fara ba shi matsala ya ajiye sitiyari. Yanzu yana gidanmu na gado a Aboabo, ɗakin bakin ƙofa.

Tun bayan babbar Sallah muka ga ya canja. In kai masa koko da ƙosai ya cinye a gabana, kafin in ɗauraye kwanon sai in ji shi yana gaya wa maƙwabta wai tun jiya ko ruwa ba a ba shi ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekaranjiya ya zaunar da maigidana ya ba shi labarin yadda tayarsa ta fashe a Kintampo da asuba, har da kuɗin da mai faci ya karɓa. Motar nan an sayar da ita tun 2015, yaron motar da yake ambata kuwa ya daɗe da rasuwa. Kuma in ka kalli fuskarsa ka san ba shirga ƙarya yake yi ba, shi a wurinsa haka aka yi. Tafiyarsa ma ta canja, yana ware ƙafafu kamar wanda ya tsaya cikin kwalekwale a Yeji. Amma ku ja masa bakin Yasin, zai kai ta ƙarshe ba gargada.

Mun ce gigin tsufa ne. To ranar Asabar ina wanki na ci karo da ledojin bitas, giyar nan ta saiwoyi, guda 4, duk a shanye, cikin aljihun jalabiyarsa. Na ɗaga katifa, wallahi kasa ƙirgawa na yi. Da ma tun muna yara ana raɗe-raɗin yana ɗan taɓawa a hanya, ba dai wanda ya taɓa faɗa a fili. Goro da kanumfari ba sa rabuwa da bakinsa, sai yanzu na gane dalili. Shin giya tana yi wa mutum haka, ko tsufan ne ya zo daidai da abin da na gani?

Ummu Hafsa: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Ɗan Sawaba: Anti, ku haɗa da neman taimako wajen malamai. Mutum lafiyarsa lau, cikin wata uku ya koma haka? Ni dai ban yarda ba hannu a ciki ba.

Baban Yara: Wane hannu kuma? Hannunsa ne da yake kai ledar baki. Ƙanwata, maganar ba ta da tsawo. Ku karɓe kuɗin da ke wajensa, ku je ku ja wa mai kiyos ɗin kunne, ku sa samarin gidan su tsare ƙofa mako guda. In bai samu ba ai dole ya haƙura. Dattijo mai shekara 68, ƙafa ɗaya a kabari.

Nas Rabi: Yaya Baban Yara, don girman Allah ka janye wannan shawarar kafin wani ya ɗauka. Maman Sadiya, kar ku kulle shi. Ina maimaitawa, kar ku yanke masa a dare ɗaya a gida.

Tunda direba ne bari in yi misali da mota. Barasa birki ce a ƙwaƙwalwa, tana danne ta. In mutum ya yi shekaru yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta koyi taka totur don ta ja daidai da birkin. Ranar da ka cire birkin farat ɗaya, totur na nan a take. Cikin awa 6 zuwa 24 sai karkarwar hannu, gumi, amai, rashin barci. A kwana biyun farko wani yakan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Kwana na biyu zuwa na huɗu shi ne mai haɗarin: ruɗewa, zazzaɓi, bugun zuciya, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. Wannan yana kisa, kuma tsoho ya fi saurin tafiya. A asibiti ake sauke irin wannan mutum, da magani, ana rage masa kaɗan-kaɗan ana duba shi.

Ki amsa mini abu uku. Yana cin abinci sosai? Kin lura da idonsa, yana rawa ko yana cewa yana ganin abu biyu-biyu? Ya taɓa faɗuwa kwanan nan, ko da ƙarama ce?

Maman Sadiya: Anti Nas, jikina ya yi sanyi, don jiya har mun fara shawarar kulle shin. Abinci kam koko ne kawai yake shanyewa, tuwo sai ya tsakura ya ture. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Ido kuwa ya sha cewa wai ƙofar ɗakinsa ta zama biyu, muka ɗauka tsohon ciwon idon ne. Faɗuwa, e, kusan wata guda ke nan santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ya ɗan yi ƙulu a goshi, muka shafa masa man zafi.

Nas Rabi: To gobe da safe ku kai shi, kar ku jira Litinin. Ni ba likita ba ce, kuma ba a gane ciwo ta waya, amma abin da kika lissafa ya tuna mini abu biyu, dukansu ba sa son jinkiri.

Na farko ƙarancin bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙona suga ta samu ƙarfi sai da shi, jiki kuma ba ya ajiye shi da yawa, ajiyar makonni kaɗan ce. Mashayi yana asararsa ta ko'ina: ba ya cin abinci, hanjinsa ba ya tsotsar ɗan wanda ya ci, hantarsa ba ta adanawa. In ya ƙare sai wasu ƙananan wurare a tsakiyar ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Alamominsa uku da aka sani su ne ruɗewa, matsalar motsin ido, da tangaɗi a tafiya. Wani likita Bajamushe, Wernicke, ya bayyana shi a 1881. In aka bar shi sai ya zarce zuwa wanda Korsakoff ɗan Rasha ya bayyana a 1887: mutum ya kasa ajiye sabon abu, tsohon karatu na nan daram, gurbin da ya ɓace kuma ƙwaƙwalwar ta cike shi da labari. Tayar Kintampo ke nan. Wataƙila ta taɓa fashewa da gaske, shekara 20 da suka wuce, yau ne ya rasa inda zai ajiye ta. Matakin farko ana iya tare shi da allurar tayamin, allura fa, ta jijiya, ba ƙwayar kemis ba. Kowace rana da ta wuce tana rage abin da za a iya cetowa.

Na biyu faɗuwar nan. Ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan tsukewa, ta mashayi ta fi tsukewa, sai 'yan jijiyoyin da suka haɗa ta da rufinta su miƙe kamar igiyar shanya. Ɗan bugu kaɗan sai ɗaya ta tsinke, jini ya riƙa ɗiga a hankali, sai bayan makonni a ga mutum ya rikice. Hoton kai ne ke nuna shi, kuma in shi ne ana huda ƙoƙon kai a zuƙe jinin, mutane da yawa su dawo hayyacinsu. A nan Kumasi asibitin Komfo Anokye ake tura irin wannan.

Abu mafi girma: ku gaya wa likita yana sha, da adadin da kuke zato, da lokacin da ya sha na ƙarshe. Ku tafi da ledar ma.

Alhaji Mai Goro: Ni abin da ya dame ni daban ne. Mutum ya yi shekara 40 yana rufa wa kansa asiri, Allah ya rufa masa, yau 'yarsa ta zo ta baje shi gaban mutum fiye da 200. Aboabo nawa take? Direban albasa nawa ne a ɗakin bakin ƙofa? Yarinya, kin kyauta wa uwarki ke nan? Gobe in an zo neman auren 'ya'yan gidan me za a ce?

Maman Sadiya: Baba Alhaji, na ji, kuma maganarka ta taɓa ni. Na canja wasu abubuwa a labarin don kar a gane shi. Amma mu biyar ne muka san zancen nan a gida, mun yi mako guda muna kallon juna, ba wanda ya san cewa kulle shi na iya kashe shi. Da ban tambaya ba fa?

Malam na Yalwa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, kishin da ka nuna mai kyau ne, kuma ina roƙon kowa kar ya ɗauki hoton hirar nan ya tura wani wuri. Wanda ya yi haka shi ne ya tona asiri. Amma neman mafita ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum, cikinsu har da neman fatawa da neman taimako don kawar da ɓarna. Gaya wa likita kuwa bai ma kai nan ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haramcin giya ba mai jayayya a kansa, aya ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofa. Bitas ɗin da ake fakewa da shi wai magani ne, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da yin magani da giya, ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Sai dai ina tuna wa Baban Yara sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Wanda ke karanta Yasin da ka, hankalinsa rabi a tafe, ba abin jefarwa ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan Sawaba, addu'a muna yi, a yi ta a gefen gadon asibiti.

Baban Yara: Na karɓi gyara a kan kullewar, ban sani ba. Amma mai kiyos ɗin nan dai sai an yi masa magana.

Ɗan Hambog: Allah ya ba Kawu lafiya. Ni ba na sha, kar a fassara ni. Amma ina son a riƙa faɗar gaskiya. Shekarata 14 a Jamus. Maigidan da na fara yi wa aiki ya haura 80, kullum da yamma sai ya sha biyarsa, har yau shi ke lissafin harajinsa da kansa. Mutanen nan sun fi mu sha nesa ba kusa ba, sun kuma fi mu tsawon rai. Har cewa ake jan ruwan inabi kaɗan yana gyara zuciya. Ina ga matsalarmu gurɓataccen apio ne, wato akpeteshie, giyar da ake dafawa a gida, da yunwa, ba giyar kanta ba.

Mai Kemis Asawase: Ɗan Hambog, ka kawo magana mai kyau, bari mu bi ta a hankali. Tsohonka na Jamus mutum ɗaya ne. Ni ma na san wanda ya sha taba har ya kai 90. Abokan shan maigidan naka da suka riga shi tafiya ba za ka gan su a kan titi ba.

Turawan da kansu suka auna abin. A Ingila suna da ma'auni da suke kira yunit, mililita 10 ke nan na tsantsar barasa. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun ɗauki ma'aikatan gwamnati 550 da aka yi shekara 30 ana bibiyar shansu, aka yi musu hoton ƙwaƙwalwa, sakamakon ya fito a 2017. Masu shan fiye da yunit 30 a mako, yiwuwar a samu sashen ajiye sabon tunani ya tsuke a kansu ta kusa ninka ta marasa sha sau 6. Masu shan 14 zuwa 21, waɗanda kowa zai ce ai suna sha da hankali, ya ɗan haura sau 3. Waɗannan ba mayunwata ba ne, ba kuma apio suke sha ba. A Faransa, gidan ruwan inabin da kake magana, an duba takardun asibitocin ƙasar na 2008 zuwa 2013. Cikin mutum dubu 57 da ciwon mantuwa ya kama kafin su kai 65, fiye da rabi akwai matsalar giya a tare da su.

Yanzu mu kawo lissafin gida. Babbar kwalbar biya ta mililita 625 mai kashi 5 cikin 100 ta ɗan haura yunit 3. Ɗaya kullum, ka wuce 21 a mako, kuma fiye da 21 ɗin ne kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa a jerin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa a 2020. Bitas da yawa suna kai kashi 40. In ledar Kawu mai mililita 50 ce, kowace ɗaya yunit 2 ce. Huɗu a rana, 56 a mako. Kuma huɗun su ne waɗanda aka tsinta a aljihu ɗaya.

Ɗan Hambog: To amma irin wannan binciken ai nuna wa yake abu biyu sun zo tare, bai ce ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Kuma zancen amfanin kaɗan ɗin fa? Ba ni na ƙirƙiro shi ba, likitoci ne suka yi ta faɗa.

Mai Kemis Asawase: Gaskiyarka, a kan ɗan kaɗan har yanzu masana suna ja-in-ja, ba zan ɓoye ba. A kan mai yawa kuwa ba sauran gardama, ana ganin ɓarnar a hoto, ana ganinta in an buɗe gawa. Zancen amfanin kaɗan kuma an gano inda ya samu tangarɗa. Tsofaffin binciken sun riƙa zuba waɗanda suka daina sha saboda ciwo ya kama su cikin rukunin marasa sha. Ka ga dole rukunin ya fito kamar marasa lafiya, masu ɗan taɓawa su fito kamar ƙarfafa. Da aka ware su sai yawancin amfanin ya zube. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a shago shi ne haɗin gambiza. Dattijo ya zo sayen maganin suga, ina jin warin abin a bakinsa. Wasu magungunan suga in suka haɗu da giya a cikin da ba abinci, sugan yakan faɗi warwas cikin dare, a ɗauka barci yake. Mai hawan jini yana shan ƙwaya da safe yana rushe ta da yamma, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Maganin barci ko tramol a kan giya kuwa numfashi suke dannewa.

Wani Bawan Allah (ta hannun admin): Na roƙi admin ya ɓoye sunana. Ni fita ne, wato makaniki, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, shekarata 61, na sha na tsawon shekara 26. Abin da nake so matasa su ji shi ne yadda abin yake juyawa in ka manyanta. Ina ɗan 35 sai in sha tot, wato ɗan ƙaramin kofin giya, har biyar in koma ƙarƙashin mota in ƙarasa aiki. Da na haura 55, biyu sun isa su sa in nemi bango. Na ɗauka masu sayarwa ne suka ƙara masa ƙarfi. Ashe ni ne na ragu.

Ranar da na tsorata, na kwance giyabos, irin wanda na haɗa ya fi sau ɗari. Na shimfiɗa kayan a kan buhu, na tsaya ina kallonsu kamar ban taɓa ganinsu ba. Yarona ɗan shekara 19 ya matso a hankali ya ce, Masta, wannan ne ke fara shiga. Ya faɗa ƙasa-ƙasa don kar sauran su ji. Na shiga bayan wata tsohuwar bas na yi kuka.

Da asuba hannuna ba ya riƙe kofin shayi sai na sha. Na gwada bari da kaina cikin azumi, rana ta biyu na faɗi ina jijjiga, aka ce aljanu ne. Sai a asibiti aka sauke ni. Wata uku na farko kaina kamar an cusa auduga. Wajen wata na shida na fara riƙe lambar waya. Yanzu shekara 4, aiki ya dawo hannuna, sai dai tafin ƙafata har yau zafi yake kamar na taka garwashi, kuma sunayen mutane suna kuɓuce mini. 'Yata, kar ku yi masa faɗa a gaban yara. Ya fi ku sanin abin da yake yi, kunyar ce ma take ƙara tura mutum.

Nas Rabi: Baba, Allah ya ƙara tabbatar da kai. Abin da ka ce ka ragu, haka yake a zahiri. Barasa cikin ruwan jiki take bajewa, tsoho kuma nama ya ragu, ruwan jikinsa ya ragu, sai tot ɗaya ya fi yin kauri a jininsa, kamar ka zuba gishirin babbar tukunya a ƙarama. Ƙwaƙwalwar ma ba ta jure abin da take jurewa da. Zafin ƙafar jijiyoyi ne da suka taɓu. Dawowar da ka gani kuwa an tabbatar da ita a hoto: in an daina, wani ɓangare na tsukewar yakan fara cikowa cikin makonni zuwa watanni.

Hajiya Mai Waakye: Ku maza kuna ta maganar direbobi da fitoci, ku leƙo ɗakunan tsofaffin mata. Kwalbar nan da ake cika ta da saiwoyi da ɓawon itace a ce maganin sanyi ne ko na ciwon baya, da me ake jiƙa ta? Wata tsohuwa a layinmu kullum sai ta sha murfi biyu kafin ta kwanta, da carbinta a hannu. Ka ce mata giya ce, sai ta yi maka Allah ya isa. Jikarta ce ke sayo mata ruwan jiƙon a kwalbar da ba suna. Ni dai na gaya wa 'yarta, ta daina gaishe ni wata biyu.

Ticha Mai Ritaya: Hajiya ta taɓo tarihi. Kalmar akpeteshie ta yaren Ga ce, daga ɓuya aka samo ta, don Turawan mulkin mallaka sun haramta dafa shi, sai a ɓoye ake yi ake sha. Sai 1962 aka halatta shi. Mu a Zango har yau muna zamanin ɓuyan. Gwamnati ta fito da manufar ƙasa kan barasa a 2017, hukumar abinci da magunguna ta hana fitattun mutane tallarta, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a 2024. Duk wannan bai leƙa ƙarƙashin katifar kowa ba.

Ummu Hafsa: Ina da ƙorafi ɗaya. Kakata ta yi shekara 6 ba ta gane 'ya'yanta, ko warin giya ba ta taɓa ji ba. Kar hirar nan ta sa a fara leƙa aljihun duk tsohon da ya rikice. Da ma can a arewa tsohuwa in ta fara sambatu mayya ake ce mata, wasu har su ƙare a sansanin waɗanda ake zargi da maita a Gambaga. Kar mu ƙara musu wani sunan.

Nas Rabi: Kin yi daidai ƙwarai. Yawancin masu ciwon mantuwa ba giya ce ta jawo musu ba, Alzheimer ne ya fi yawa, sai wanda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa. Bambancin da ya sa nake ta ɗaga murya shi ne, na giya in an daina sha an gyara abinci, sau da yawa yakan tsaya inda yake, wani ma ya ɗan ja baya. Na kakarki ba ya tsayawa.

Maman Sadiya, ki duba katin inshorarsa tun yau. Sai ɗan 70 ake ɗauke wa kuɗin shekara, shi bai kai ba. Ki danna *929# ki sabunta, ku kuma riƙe wani abu a hannu saboda hoton kai.

Alhaji Mai Goro: Ni dai har yanzu ina ganin da an kira Nas a gefe ya fi. Amma tunda an yi, in kuɗin hoto ya gagara a yi mini magana ta bayan fage.

Maman Sadiya: Salamu alaikum, ku yi haƙuri da shiruna, yau kwananmu 9 a asibiti. Ranar da muka je, likita ya tambaya ko yana shan wani abu. Kafin in buɗe baki babban yayanmu ya ce, haba dokta, Musulmi ne, ko sigari ba ya sha. Kawu ma ya gyaɗa kai. Likitan ya rubuta. Na ji kamar an ɗaure mini harshe, ga Yaya ga Kawu. Da ya fito na bi shi har bakin wata ƙofa, na ciro ledar daga jakata na nuna masa, ban ce komai ba. Ya kalle ta, ya tambaye ni guda nawa a rana, yaushe rabonsa da ita, ya koma ya canja abin da ya rubuta. Nan take aka fara masa allurar.

Hoton bai nuna jini ba, alhamdu lillahi, amma an ce ƙwaƙwalwar ta tsuke fiye da shekarunsa. Dare na uku, duk da maganin da ake ba shi, ya yi ta kakkaɓe zanin gado wai tururuwa, yana kiran yaron motarsa ya kawo tocila. Na tuna ɗakin da muka so kulle shi, ni kaɗai na san abin da na ji.

Yanzu ƙofa ta daina zama biyu, yana zuwa bayan gida da sanda ba a riƙe shi ba, jiya ya cinye tuwo da miyar kuka. Mantuwar dai tana nan. Nas ɗin da ke masa allura sau uku a rana, kullum sai ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Likita ya ce sai an yi watanni kafin a san iya abin da zai dawo, kuma kar mu sa rai da yawa. Yaya bai yi mini magana ba tun ranar, ya gane ni ce.

Malam na Yalwa: Yayanki ki bar mini shi, zan same shi bayan Juma'a.

Hajiya Mai Waakye: In an sallame shi ki turo yaro kullum da safe ya karɓi waakye, wake zan fi sa masa. Nas, ai wake da gyaɗa suna da bitamin ɗin ko?

Nas Rabi: Suna da shi Hajiya, da gero da dawa waɗanda ba a surfe su ƙwarai ba. Amma ƙwayar da za a rubuta masa kar a fasa. Maman Sadiya, kafin ku fito ki tambayi inda zai riƙa zuwa ganin masu kula da shaye-shaye, don ranar da ƙafarsa ta yi ƙwari kiyos ɗin na nan inda ya bar shi.

Baban Yara: Na riga na je wajen mai kiyos ɗin. Ya ce Kawu na da bashin sidi 85.

Maman Sadiya: Za mu biya. Yanzu wata rigimar ce, tun safe yake neman makullin mota, wai albasa za ta ruɓe a Bawku. Na ce masa an sayar da motar, ya yi kuka kamar yau ya fara ji, bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Anti Nas, in ci gaba da gaya masa, ko in ce tana wajen makaniki?

Nas Rabi: Ki ce masa an riga an sauke kayan, ki tambaye shi nawa buhu yake a Bawku. Zai ba ki labari har ya manta da makullin.

Wani Bawan Allah (ta hannun admin): Wace irin mota ya ja? In Benz ce ina da tsohon makulli a shago, gobe zan ba admin ya kawo masa ya riƙe a aljihu.